Kwashe Jama'a Kafin Ruwa Ya Iso: Tambayoyi da Amsoshi Kan Hanyar Ficewa da Hana Turmutsitsi Lokacin Ambaliya

Mun shirya wannan shafi ne domin masu tsara yadda unguwa, makaranta, asibiti ko gari zai fice idan ambaliya ta taso, da kuma masu sa-kai da za su tsaya a bakin hanya a ranar. Duk aikin lissafin lokaci ne: sa'o'i nawa ruwa zai ba ku, sa'o'i nawa kuma jama'a ke bukata kafin na ƙarshensu ya taka tudu. Idan na biyun ya fi na farkon yawa, tsarin bai yi ba, komai kyawunsa a takarda.

Daga ina ake fara tsara hanyar ficewa?

Daga ruwan ake farawa, ba daga titi ba. Ku samo taswirar da ke nuna tudu da kwari, ku ɗora mata iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa a ambaliyar baya. Tabon laka a jikin bango da shaidar tsofaffin mazauna wuri suna cike giɓin da taswira ta bari. Daga nan ku raba yankin gida uku: inda ke fara nutsewa, inda ke biyo baya, da inda ruwa ba ya shiga amma yake zagaye shi ya yanke masa hanya. Wannan na ukun ne aka fi mantawa, domin mutanensa suna ganin ƙasarsu a bushe har sai magani ko ruwan sha ya ƙare musu.

Sai ku taka kowace hanya da ƙafa, da igiyar awo a hannu. Abu biyu kuke nema: wurin da ya fi gangarawa ƙasa, da wurin da ya fi tsukewa. Titin kilomita 5 da ke kan tudu amma ya ratsa kwalbati guda a kwari, ƙarfinsa ƙarfin wannan kwalbatin ne. Da ruwa ya hau kansa, an rasa titin baki ɗaya. Ku rubuta kowace gada, kwalbati, hanyar ƙarƙashin gada, ƙofar shinge da matakala, da faɗinta da kuma tsawon ruwan da zai rufe ta.

Kowane yanki ya samu hanya biyu aƙalla, kuma kada su haɗu a gada ɗaya. Hanya biyu masu ɓullewa gada guda, hanya ɗaya ce. Kowace hanya ta nufi tudu kai tsaye, kada ta bi gefen kogi, ko da ta gefen kogin ta fi kusa.

Yaya za mu san ko lokacin zai ishe mu?

Ku haɗa lokuta biyar: wanda hukuma za ta ɗauka ta yanke shawara, wanda saƙo zai ɗauka ya kai kowane gida, wanda iyali za su ɗauka su kintsa, tafiyar kanta, da jiran layi a wuraren da hanya ta tsuke. Masu tsari kan ƙidaya tafiyar kawai, alhali ɗaya ce kawai a cikinsu. Mutum ba ya jin jiniya ya miƙe. Sai ya leƙa waje, ya tambayi maƙwabci, ya buga waya, ya nemo yara, ya ɗaure kaya. Wannan kaɗai yakan ci sa'a ɗaya ko fiye, da dare kuma ya ƙaru.

Lafiyayyen baligi yana cin kusan kilomita 5 a sa'a. Ayarin da ke da goyo, tsofaffi da kaya a ka, ku lissafa masa kilomita 2 zuwa 3. Jimillar da kuka samu ku ƙara mata rabinta saboda abin da ba a zata ba: motar da ta mutu a tsakar titi, bishiyar da ta faɗi, wutar da aka ɗauke.

Mutum nawa gada ko lungu ke iya wucewa da su a minti ɗaya?

Masu tsara filayen wasanni a Birtaniya suna aiki da mutum 82 a minti ga kowace mita ɗaya ta faɗin hanya idan shimfiɗaɗɗiya ce, da 66 idan matakala ce. Wannan na mutanen da hannunsu ba komai ne, da rana, a busasshiyar ƙasa. A ambaliya shawararmu a ɗauki kusan rabin hakan.

Ga misali. Unguwa mai mutum 6,000, mafitarta gadar ƙafa ce mai faɗin mita 3. Mutane ba sa goga jiki da ƙarfen gefe, saboda haka a cire santimita 30 ta kowane ɓangare, saura mita 2.4. Idan aka ɗauki mutum 40 a minti ga kowace mita, gadar na wuce da mutum 96 a minti, wato fiye da sa'a ɗaya kafin kowa ya haye. Yanzu a ce babur biyu sun tsaya a bakin gadar sun cinye mita ɗaya: lokacin ya doshi sa'a biyu. Shi ya sa ake sa mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai share bakin gada.

Wane zurfin ruwa ne ba a shiga?

Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, wato ya ɗan haura idon sawu, yana kayar da babban mutum. Santimita 30 na ɗaga yawancin ƙananan motoci, santimita 60 na tafiya da jif da a-kori-kura. Dalilin nauyi ne: ruwan da zai cika akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska tan ɗaya ne cur, kuma duk sanda gudunsa ya ninka biyu, ƙarfin turinsa ninkawa huɗu yake yi.

Zurfin ma ba a ganinsa. Ruwan ambaliya jajir yake da laka, yana ɓoye lambatun da murfinsa ya tashi, ramin da ya zaizaye ƙarƙashin kwalta, da wayar lantarki da ta faɗi. Tun kafin damina ku kafa sanda mai zanen awo a kowane kwari na hanya, da jan layi a santimita 15. Idan ruwa ya taɓa jan layin a rufe hanyar da shinge, a ajiye mutum a wurin. Shinge ba mai tsaro, direbobi ɗage shi suke yi su wuce.

Da mota ya fi ko da ƙafa?

Idan tudun bai wuce kilomita 2 zuwa 3 ba, masu lafiya su taka, a bar motoci ga waɗanda ba za su iya ba. Layi ɗaya na babban titi, a yanayi mafi kyau, bai cika wuce mota 2,000 a sa'a ba, a ruwan sama da ruɗani kuwa yana sauka sosai. Bas guda na ɗaukar abin da ƙananan motoci goma sha za su ɗauka.

Abin da ya faru a Houston ta Amurka a Satumbar 2005 ya isa darasi. Makonni kaɗan bayan guguwar Katrina, sai ga guguwar Rita ta doso. Fiye da mutum miliyan biyu suka hau titi kusan lokaci guda, da yawansu daga unguwannin da ba a ce su tashi ba. Tituna suka cushe, wasu suka kwana a mota, mai ya ƙare, zafi ya yi tsanani, kuma fiye da mutum 100 suka rasu a hanyar gudun kanta. Don haka a fitar da mutane kashi-kashi, na kwari su riga na tudu, a kuma faɗa wa waɗanda ba sa cikin haɗari ƙarara cewa su zauna. Idan za a mayar da duka hannuwan titi masu fita, sai an sa jami'i a kowace mahaɗa, an bar layi ɗaya ga motocin asibiti da na ceto, an kuma jibge motar janwe da tankar mai a kan hanyar.

Idan ruwa ya ci motarka kana ciki, minti ɗaya ne kusan abin da kake da shi. Kwance bel, sauke gilashi, fitar da yara ta taga, babba kafin ƙarami, sannan ka hau rufin. Kada ka tsaya buga waya, kada ka yi kokawa da ƙofa, ruwan waje ya danne ta.

Wa ke cewa a tashi, kuma yaushe?

Mutum ɗaya, da sunansa a rubuce, da mataimaki biyu idan ba a same shi ba. Kuma kada a bar shawarar ga zuciyarsa a tsakar dare. A ɗaure ta da ma'auni tun da wuri: idan ruwa ya kai kaza a ma'aunin kogi da ke sama da gari, a sanar, idan ya kai kaza, a fitar da tsofaffi da marasa lafiya, idan ya kai kaza, kowa ya fita. Japan na aiki da matakai biyar tun 2019, inda mataki na 3 ke nufin tsofaffi da masu lalura su tashi, na 4 kowa ya tashi, na 5 kuma bala'in ya riga ya sauka, kowa ya ceci ransa inda yake.

Jinkiri ne ke kisa. A lardin Valencia na Sifaniya, ranar 29 ga Oktoban 2024, saƙon gargaɗi ya shiga wayoyin jama'a da ƙarfe 8:11 na dare, bayan ruwa ya riga ya mamaye garuruwa. Fiye da mutum 220 suka rasu, da dama a cikin mota ko a garejin ƙarƙashin gini inda suka sauka ceton motocinsu. A Holan kuwa, farkon 1995, an kwashe mutum kusan 250,000 daga gaɓar manyan koguna tun ruwa bai karya ganuwar da ke tare shi ba. Ganuwar ba ta karye ba, mutane suka koma gida. Mu a wajenmu wannan ba kuskure ba ne. Haka ake so kwashe jama'a ya ƙare. Idan hasashe ya nuna ruwan zai iso da dare, a ba da umarni tun da sauran rana.

Me saƙon gargaɗi zai ƙunsa?

Wa ke magana, wane yanki, me ke zuwa, ƙarfe nawa, ta wace hanya za a bi, ina za a je. “A yi hattara” ba saƙo ba ne. “Mazauna yanki na 2, ku bar gida kafin ƙarfe 4, ku bi titin arewa zuwa makarantar da ke kan tudu, gadar kudu a rufe take”, wannan shi ne saƙo. A aika shi ta waya, rediyo, lasifika da ƙwanƙwasa ƙofa, a cikin duk harsunan da ake ji a wurin, a riƙa maimaitawa. Layin waya kan ɗauke a daidai lokacin da aka fi bukatarsa, don haka masu aiki su riƙe oba-oba, kuma kurame sai an je musu har gida.

Yaushe taro ke zama haɗari, kuma yaya ake riƙe shi?

Ana auna shi da yawan mutane a murabba'in mita ɗaya. Mutum 2, kowa na tafiya yadda ya so. Mutum 4, tafiya ta zama jan ƙafa, nan ne iyakar taro mai motsi. Daga 6 zuwa sama mutum ba ya iya zaɓar inda zai sa ƙafa, taron na kaɗawa gaba ɗaya kamar ruwa a kwarya, turi ɗaya daga baya sai ya ratsa har gaba. Yawancin masu mutuwa a turmutsitsi ba tattake su ake yi ba. Ƙirji ne ke matsewa har numfashi ya gagara, wasu a tsaye suke cikawa.

Kuma ba haukan tsoro ne ke haddasa shi ba, kamar yadda ake yawan faɗa. Na baya ba sa ganin abin da ke gaba, suna matsowa ne da zaton layi na tafiya. A babban birnin Kambodiya, a Nuwamban 2010, mutum kusan 350 suka rasu a kan gada guda da aka bari ana shiga ta kai biyu. A Duisburg ta Jamus, cikin shekarar, mutum 21 suka rasu inda masu shiga da masu fita suka yi karo a hanya ɗaya. Ba ambaliya ba ce ta jawo su, amma irin wannan matsin ne ke jiran duk gadar da gari guda zai haye a guje.

Saboda haka ba a bakin gada ake riƙe taro ba, daga nesa ake riƙe shi. A samu fili mai faɗi a kan busasshiyar ƙasa, mita 50 zuwa 100 kafin inda hanya ta tsuke, a tsayar da mutane can, a riƙa sakin su rukuni-rukuni, kamar 50 a lokaci guda, iyali tare. Mai tsaye a ɗaya ƙarshen ne zai ba da alamar a saki na gaba. Gada ta zama hannu ɗaya. Masu son komawa ɗauko wani abu ba za su bi ta ba. Can ƙarshen ma a sa mai kora mutane gaba, domin wanda ya haye yakan tsaya nan take yana waigen 'yan uwansa, sai ya toshe wa na baya. Ababen hawa da dabbobi su bi wata hanya, ko su jira nasu lokacin.

A ɗora mutum ɗaya a wuri mai tsawo, rufin mota ko bene, aikinsa kallon kawuna kawai. Da ya ga suna kaɗawa tare, ko fuskoki sun ɗaga sama suna neman iska, ya sa a tsayar da shigowa daga baya nan take, a buɗe gefe. Kada a kulle ƙofa a gaban taro mai matsowa, kada a sa bulala ko sanda, domin wanda aka doka baya yake ja ya faɗa kan na bayansa. Mai lasifika ya riƙa magana kowane minti biyu ko uku, ya faɗi gaskiya: saura rukuni nawa, ruwa yana ina. Inda aka yi shiru, nan jita-jitar gada za ta karye ke samun shiga.

Idan matsin ya rutsa da ni fa?

Ɗaga hannuwanka gaban ƙirji kamar mai dambe, ka samar wa huhunka wuri. Tsaya da ƙafafunka, kada ka sunkuya ɗaukar abin da ya faɗi. Kada ka yi gaba da gaba da turin. Bi shi, kana zamewa gefe a karkace duk sanda ya lafa, kana nisantar bango da shinge. Yaro a saɓa shi a kafaɗa. Wanda ya faɗi a ɗaga shi nan da nan, domin a kansa sauran za su zube.

Waɗanda ba sa iya fita da kansu fa?

Su ne ya kamata tsarin ya fara da su. A garin Mabi na Japan, a ambaliyar 2018, mutum 51 suka rasu, mafi yawansu tsofaffi, da dama a hawan ƙasa na gidajensu. A Sinzig ta Jamus, a Yulin 2021, mutum 12 suka nutse a gidan kula da naƙasassu da dare, ruwa ya riga masu ɗauke su.

Ku yi rajista gida-gida, da yardar masu gidan: wanda ke kwance, mai keken guragu, makaho, kurma, mai tsohon ciki, mai jego, mai wankin ƙoda, mai amfani da iskar oksijin. Kowane suna a haɗa shi da mutum biyu da suka amsa za su ɗauke shi, da motar da za ta zo. A sabunta rajistar kowace shekara. Asibiti da gidan tsofaffi su tashi a rukunin farko na masu fita, da magungunan mako guda da takardun jinya a cikin leda. Makaranta kuwa ta sanar da iyaye tun farkon zango inda za ta kai yara, in ba haka ba iyaye za su yo kan makarantar, su saɓa wa duk masu fita. Ƙananan yara a rubuta musu suna da lambar waya a hannu da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa.

Me za a yi da masu ƙin tashi?

A tambaye su dalili. Yawanci ɗayan uku ne: tsoron ɓarayi, dabbobi, ko an taɓa tayar da su ruwa bai zo ba. Na farko maganinsa sintiri da za su gani da idonsu. Na biyu, a tanadi fili a kan tudu a kora dabbobi tun kwana ɗaya kafin mutane. Na uku sai magana daga bakin wanda suka yarda da shi, ba baƙo ba. Wanda ya kafe, a rubuta sunansa da yawan mutanen gidan, a gaya masa a fili cewa bayan ƙarfe kaza ba mai iya zuwa, a wuce. Minti 20 na gardama a ƙofa ɗaya gidaje goma ne ba a ƙwanƙwasa ba.

Ruwa ya riga ya yanke hanya. Sai yaya?

Sai a hau sama. A nemi ginin kankare mai hawa biyu ko fiye. Ginin ƙasa jiƙewa yake daga tushe ya zube. A kashe wuta daga babban makunni idan ana iya kai masa a tsaye a busasshen wuri, a rufe tukunyar gas. Kada a shige cikin silin da ba shi da mafita: a lokacin Katrina mutane sun maƙale a irinsa ruwa ya cim musu. A hau da ruwan sha, magani, tocila, usur da ƙyalle mai haske.

Kwalekwalen ceto ba ya ɗaukar fiye da adadinsa ko da ana kuka, kowa da rigar kariya daga nutsewa, ana shiga ɗaya bayan ɗaya, a zauna. Wurin lodi ma yana bukatar mai riƙe layi, domin rububin hawa ta gefe guda ne ke kifar da jirgi. Wanda ruwa ya ja, a miƙa masa sanda ko a jefa masa igiya ko jarka mai murfi daga gaɓa. Kada a ɗaura wa kowa igiya a ƙugu a ruwa mai gudu: idan ta miƙe, ƙasa take danna shi.

Wane wuri ne ya isa zama matsuguni?

Wanda ke saman iyakar ambaliya mafi girma da aka sani, kuma mota na iya kai masa ta ɓangaren da ruwa ba ya yankewa. Ƙa'idojin Sphere da ƙungiyoyin agaji ke bi sun ce murabba'in mita 3.5 na rufaffen wuri ga kowane mutum, lita 15 na ruwa a rana, makewayi ɗaya ga mutum 20, ko 50 a kwanakin farko kafin a ƙara, kuma ramin makewayi ya nisanci rijiya da mita 30 aƙalla. Zauren da ke da murabba'in mita 350, mutum 100 ne nasa, ba 500 ba. Na mata daban, da fitila da sakata ta ciki.

Teburin rajista a kafa shi can ciki, ba a bakin ƙofa ba, don kada layi ya koma titi. Rabon kaya ma wurin turmutsitsi ne: a raba da kati, rukuni-rukuni, mashiga daban mafita daban, kada a taɓa jefa kaya daga bayan mota. Janareta a waje, mita 6 daga taga, saboda hayaƙinsa mai kisa ba shi da wari. Ruwan da ake shakka a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka.

Sau nawa za a gwada tsarin?

Sau ɗaya a shekara aƙalla, kafin damina. Ba a fafe gora ranar tafiya. A yi atisayen da agogo a hannu, da keken guragu na gaske, a rufe babbar hanyar da gangan a ga ko mutane sun san ta biyu. Wani lokaci a yi shi da dare. Abin da ake ganowa kusan kullum ƙanana ne: makullin makaranta na hannun wanda ya yi tafiya, batirin lasifika ya mutu, an gina shago a bakin lungu, lambar direban bas ta canja.

Yaushe za a koma gida?

Sai wanda ya ba da umarnin tashi ya ce a koma, bayan an duba gadoji, wayoyin lantarki da ruwan sha. Kogi kan sauka ya sake hawa idan an ƙara ruwa a sama ko an buɗe madatsa. Komawar ma yanki-yanki za a yi ta, da rana, manya su fara shiga su duba tsagewar bango, warin gas da macizai kafin a kawo yara, kuma kada a kunna wuta sai mai gyaran lantarki ya tabbatar wayoyin gidan sun bushe.